Turakun Gonar Arzika

Arzika ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. An haife shi a Riko, kuma an ce tun ba a yanke cibi ba ya fara ba ungozoma labarin hanya. Surutu ne da shi. In ya hau babur daga Jibiya, kafin a kai Maraɗi fasinja ya san sunan akuyoyin gidansu da ciwon bayan surukarsa.

Shekaru ya yi yana wannan jigilar, buhun masara a baya, jarkoki a gefe, mutum a sama. Da aka rufe boda ya jure, aka buɗe, aka sake rufewa, sai ya sayar da babur ya koma gonar ubansa da ke bakin hanya. Ya roƙi Fulani suka kwana masa da shanu duk rani, ƙasa ta yi baƙi wuluk. Irin gero kuwa, abin da ya rage masa bai wuce na shuka ɗaya ba, matarsa Hasiya ta ɗaure a tulu ta hana kowa taɓawa.

Ana saura kaɗan damina ta faɗi, wasu mutane suka zo da mota da na'ura mai ƙafa uku. Suka auna, suka kafa turaku masu jan fenti, suka zagaye cibiyar gonar, daidai inda takin ya fi kauri. Arzika ya bi su da sallama.

"Ranku ya daɗe, mi za a yi nan?"

"Aikin gwamnati ne, Baba."

Suka tafi. To ga inda gizo ke saƙar a zuciyarsa: in ya shuka aka zo da katafila, iri ya tafi. In bai shuka ba, shekara ta tafi.

Mai unguwa bai sani ba. Kansila ya ce shi ma a bakin Arzika ya fara ji. Sai wata rana a rediyo aka ce akwai doka, talaka na da ikon tambayar hukuma abin da take yi, kuma dole ta amsa. Arzika ya zo gidana yana haki.

"Kai, ɗan boko, tashi ka rubuta mani."

Bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya, amma na zuba Turanci har da wanda ban san ma'anarsa ba. Muka kai takardar ofishin ƙaramar hukuma a Jibiya, muka yi ta zarya har benci ya gane mazaunanmu. A ƙarshe aka shigar da mu wurin wani jami'i, Malam Abdulrazak, mai furfura kaɗan. Na so ya zama mugu don in ji daɗin zaginsa a nan, amma ruwa ya ba mu, ya kuma saurara.

"Malam Arzika, dokar gaskiya ce," in ji shi. "Amma ita ce kuma ta ce abin da ya shafi tsaro a riƙe shi."

"Ashe soja za su zauna!"

"Ban ce ba."

"To ba su ba ne?"

"Shi ma ban ce ba. In na ce su ne, kafin kasuwar Lahadi ta watse mutanen daji sun ji, su riga mu zuwa. In na ce ba su ba ne, sun san wurin a buɗe yake. Kai ne a bakin hanyar, ba ni ba."

Na ce, "Yallaɓai, kana da gaskiya. Wannan in ka raɗa mashi a kunne, kafin la'asar an ji a Yamai."

Arzika ya take mini ƙafa. Ya cire hula, ya ajiye a gwiwa.

"Yallaɓai, riƙe sirrinka, ban so. Kalma ɗaya za ka ba ni. In shuka ko kar in shuka?"

Malam Abdulrazak ya ninke takardarmu.

"Duk wadda na zaɓa, na faɗa maka ke nan."

Muka hau mota har Riko Arzika bai ce uffan ba, direba ya juyo ya tambaya ko rasuwa aka yi mana.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata. Gari duk ya fita da sungumi, Arzika na tsaye a bakin gona, tulu a gabansa. Hasiya ta ce, "Malam, ƙasa na shan iska fa." Ya tafi wajen turakun ya dawo, ya sake tafiya. A ƙarshe ya shuka gefe-gefe, wajen jan fenti, inda rairayi ya fi yawa. Tsakiya ya bar ta.

Katafila ba ta zo ba, soja ba su zo ba. Ciyawa ta tashi a cikin turakun har ta fi ni tsawo, na ce masa ya sayi giwa ya ɗaure. Bai yi dariya ba. Geron gefe bai kai su ko tsakiyar rani ba, yanzu dako yake yi a kasuwar hatsi, da shekarunsa.

Bana mun koma ofishin. An yi wa Malam Abdulrazak canjin wurin aiki, sabon ya ce maganar tana nan, ana dubawa a sama. Jiya na iske Arzika a gona, gara ta cinye turaku biyu sun faɗi. Na ce, "Shi ke nan, Allah Ya cire maka, shuka abinka."

Ya tsuguna ya tayar da su, ya danna ƙasa a gindinsu da dunduniya.

"Kar su zo su ce ni na tumɓuke," in ji shi.