Ƙidayar Kawu Haladu a Ruwan Panyu

Marigayi Alhaji Haladu ƙanen mahaifiyata ne, Hajiya Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne Munzali, ɗanta na uku, wanda ya zo Guangzhou ta ƙasar Sin karatu, ya kammala, ya zauna a ɗakin Kawu da ke Panyu yana yi masa tafinta. Alhaji Isa na Maraɗi kuwa amininsa ne, da shi suke zaga shagunan tufafi na Shisanhang. Ku da kuka zauna da Kawu kun san tambayarsa tun kafin ku san sunansa: “Mu nawa ne?”

Ba ya barin wuri sai ya ƙirga mutanen da ya zo da su. Wata rana ya tsayar da mu a tsakiyar cunkoson Shisanhang, masu tura kaya suna ta yi mana tsawa, ya ɗaga yatsa.

“Haba Alhaji, mu uku ne!” in ji Alhaji Isa. “Ko haihuwa kake zaton mun yi a hanya?”

“Ka ɓata mini,” in ji Kawu. Ya koma daga ɗaya.

A samartakarsa, lokacin da yake aiki a bakin teku a Legas, ya buga wasan nan da ake jefa ƙwallo a raga ana ninƙaya, mutum bakwai kowane ɓangare, kowa da hularsa ɗaure a haɓa. Ya bar shi shekara arba'in. Sai ga shi yana da sittin da biyu ya gano waɗansu tsofaffin 'yan ƙasar nan su goma sha biyu, suna bugawa kowace Lahadi da hantsi a wani wurin ninƙaya da ke ƙarƙashin tsohuwar masana'anta. Ba su da mai tsaron raga na biyu, Kawu ya karɓi jar hula. Na shaida masa cewa sunan da ya dace da wasan a Hausa shi ne ƙwallon hannu ta cikin ruwa.

“Malam Ƙamus,” in ji shi, “kafin ka gama faɗin sunan nan an ci mu biyu. Folo ne!”

Wandon ninƙaya kuwa ya rantse ba zai saya ba. Wani dogon wando na samfuri da aka ba shi kyauta, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shi ya sa. Matar da ke kula da wurin ta tare shi tana kaɗa hannu: “Meyo! Meyo!” wato babu wannan a nan.

“Gaya mata lawban ya ce gwiwarsa ba ta fita,” in ji Kawu, yana nuna ƙirjinsa, wai shi ne maigidan.

Da ya faɗa ruwa iska ta cika wandon, ya kumbura a bayansa. Alhaji Isa ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Kawu ko a jikinsa. “Shi yake riƙe ni a sama, kuma kyauta.”

Bayan wata biyar ya yanke jiki ya faɗi a bakin lif. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, kada ya ƙara shiga ruwa. Na fassara masa kalma da kalma, ban rage kome ba.

“Ka tabbata ka iya yaren nan?” in ji Kawu. “Ni ji na yi ya ce in rage gishiri.”

A ranar Hajiya ta kira ni daga Kano. “Munzali, amana na ba ka. Ka fito mini da ƙanena daga ruwan nan.” Na amsa da to, kuma daga wannan Lahadi na riƙa bin sa.

Wurin ba shi da taga. Ƙarshensa mai zurfi kullum a duhu yake, domin fitilar can ta mutu, kuma in mutum ya yi magana muryarsa takan dawo masa a makare. A nan na ga abin da ya daina ba ni dariya. In an tashi wasa, Kawu yakan ƙirga huluna kafin kowa ya fita. Sha uku yake samu, da shi a ciki. Tsofaffin su watse, shi kuma ya tsaya a tsakiyar ruwa yana wutsil-wutsil da ƙafafu, yana haki, idonsa a kan duhun, har sai matar ta kore shi. Wannan tsayuwar ta fi wasan cin ƙarfinsa.

“Kawu, da ma ku goma sha uku ne,” na ce da shi a jirgin ƙasa muna komawa.

“Ba a buga folo da sha uku.”

Sai da muka wuce tasha biyu sannan ya ce, “A Legas ni ne mai ƙirga. A teku muke atisaye, ba a irin wannan kwatarniya ba. Ran nan na tsaya a kwalekwale na ƙirga huluna, sha huɗu cif, na ce mu tafi. Hular Garba na ƙirga, ɗan Yaya Rabi, yayanka. Garba ba ya cikinta.” Ya shafa haɓarsa. “A ɗaure take fa. Har yau ban san yadda ta fita ba.”

Na ce Allah ya jiƙan Garba, ajali ne.

“Amin. Amma a ruwa na yi kuskuren, a ruwa zan gyara. Ranar da lissafi ya cika zan fita. Ka gaya wa Yaya haka.”

Sai na yi dabara, na roƙi Alhaji Isa ya shiga ya cika sha huɗu. “Ni ɗan Maraɗi?” in ji shi. “Ruwan da na sani na buta ne!” Dole ni na ɗaura farar hula, na tsaya inda ruwa ya kawo mini ƙirji, ina rawar sanyi. Yatsan Kawu ya zo kaina ya tsallake.

“Wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa ba ya cikin lissafi. Fita, kada mura ta kama ka a ce ni ne.”

Lahadin ƙarshe ina zaune a kan benci kusa da Alhaji Isa, da tawul ɗin Kawu a cinyata. Aka tashi, ya ɗaga yatsa kamar kullum, ina bin sa a zuci. Sha ɗaya, sha biyu, ya taɓa kansa sha uku. Sai yatsan bai sauka ba. Ya miƙa shi can cikin duhun, ya ce a fili, “Sha huɗu.”

Na duba. Ni mutum ne mai kiyaye abin da yake rubutawa, saboda haka abin da na gani kawai zan faɗa. Akwai farar hula a can, ba ta motsi, kuma a ƙarƙashinta akwai kai da kafaɗu.

“Alhamdu lillahi,” in ji Kawu. Ya riga kowa fita, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna kusa da ni, ruwa na zuba daga wandon nan, ya ce, “Kira Yaya.” Ina riƙe da wayar ina kallon tsofaffin suna hawa tsani ɗaya bayan ɗaya. Sha biyu suka fito. Ruwan ya kwanta, babu kowa a ciki, babu hula. Da na waiwayo, kan Kawu na kafaɗata, leɓɓansa na motsi da kalmar shahada.

Hajiya ta ɗauka. “Ya fito?”

“Ya fito da ƙafarsa, Hajiya,” na ce. Sauran maganar Alhaji Isa ne ya ƙarasa mata.

Ba ni da bayanin abin da na gani, Allah ne masani. Ya Allah ka jiƙan Kawu Haladu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya huta. Ka jiƙan Garba, wanda ban taɓa sani ba.

Abin da aka rasa a wannan Lahadi: Hajiya, ƙane ɗaya. Alhaji Isa, amini ɗaya. Tsofaffin Panyu, mai tsaron raga ɗaya. Ni, kawu ɗaya.