Dattijon da ke Tsoron Warkewa

A asibitin masu ciwon damuwa da ke Asyut, Likita Samiha tana kallon dattijon da ke gabanta. Rawaninsa ya koɗe, tafin hannunsa duk kanta, da gani manomin rake ne. Yana ta jujjuya takardar magani, ya ƙi tashi. Abu ɗaya ya faɗa mata: ƙanensa ya rasu suna gaba, ko zaman makoki bai je ba.

"Baba, maganin nan zai sauƙaƙa maka," in ji ta.

"'Yata, sauƙin nake tsoro. In ya cire min nadamar, laifin fa? Shi ma ya goge?"

Samiha ta ajiye alƙalami, ta jawo kujerarta kusa da shi.

"Yaya sunan ƙanen naka?"