Baƙar Dardumar Gwaggo Mairo

Duk wanda ya shiga ɗakin Gwaggo Mairo a shekarunta na ƙarshe ya san ƙa'idar. Ka yi sallama, ka tuɓe takalmi, kafin ka nemi wurin zama sai ka ji ta ce, "Hau baƙin in gan ka." Sai ka taka tsakiyar dardumar nan baƙa wuluk, ka tsaya kamar mai jiran hoto, ita kuwa ta karkata kai ta dube ka daga ƙafa har hula, sannan ta amsa gaisuwa. Limamin unguwarmu ma ya hau. Mutanen Gaya sun ɗauka tsufa ne ya zo mata da sabon salo. Ni na san dalili, don ni na raka ta wurin likitan ido a Dosso.

Yayar mahaifina ce. Ta yi rayuwarta tana sayar da atamfa tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙetaren iyaka, mace mai gane rinin da zai zuba tun daga bakin rumfa. Likita ya ce mata ciwon ba na aikin tiyata ba ne, ganin zai yi ta ja da baya, magani sai dai ya rage masa sauri. A mota ta sa ni na yi alkawari cewa Isuhu ba zai ji ba. Isuhu ɗanta ne na fari, ma'aikaci a Yamai, kuma saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "mutumin Yamai". Ta san in ya ji, ɗauke ta zai yi. Ta taɓa kwana a gidansa, ƙasa farin karo, wato tayil, bango fari, ta ce kamar an jefa ta cikin ƙwaryar nono. Kuma ta yaya za ta zauna a gidan mutumin da ko ruwan sha ba za ta buɗe baki ta roƙe shi ba? Abin da take so bai wuce ta ƙarasa kwananta a ɗakinta ba.

Dardumar a kasuwar Malanbil ta same ta. Dardumar ta daɗe a shagon ba mai tayawa, don wa zai shimfiɗa baƙi a garin da jar ƙasa ke bin mutum har gado? Muna tsaye carbinta fari ya suɓuce ya faɗi a kai, ta sunkuya ta ɗauka ba tare da lalube ba. Ta sake sakinsa da gangan, ta sake ɗauka. Mai shagon ya fara yabon wata mai furanni, ta ce masa ya ajiye furanninsa ya ba amare.

Daga nan ɗakin ya shiga uku. Jeren kwanukanta masu ja da kore, waɗanda matan unguwa ke zuwa kallo, ta rabar da su ta kawo farare. Buta fara, kofi fari, matashi fari. Ƙafafun gado da na kujeru aka shafe da farar ƙasa, har bakin ƙofa. Tuwon shinkafa kuwa ta daina ci a faranti, ta koma baƙin akushin kakarmu. Akwai wata baƙar kaza da ta saba shigowa ta kwanta kusa da ita. Ranar da ta kusa zama a kanta, ranar aka yanke mata hukunci, muka ci da yamma. Gwaggo ta ce kazar ba ta da laifi, kalarta ce ba ta dace da tsari ba.

Shara kuma ba ta bari kowa ya yi mata. Na ce Gwaggo, wannan darduma ai aiki ce, ko tsinke ya faɗi sai ya nuna. Ta ce shi ya sa ta saya. Ƙura ce kaɗai abin da har yanzu take gani sarai, kada in raba ta da ita.

Maƙwabciyarta Hajiya Bibata, 'yar ƙabilar Dendi, abokiyar faɗanta tun suna amare, ta ƙi bin doka. Ta shigo wata rana cikin baƙar abaya, ba sallama, ta zauna a gefen dardumar ta yi tsit, ta yi mini alama in yi shiru. Gwaggo ta ci gaba da hira da ni, hirar ta gangaro kan Hajiya Bibata: miyarta ba gishiri, kifinta ƙaya zalla, kuma mijinta marigayi haƙuri ne ya kashe shi. Hajiya ta kasa jurewa ta ce, "Mairo, ina zaune fa."

Gwaggo ko juyawa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Turarenki ya riga ki sallama. Dama na daɗe ina neman ranar da za ki saurara ba ki katse ni ba."

Har yau ban san ko Gwaggo ta san Hajiya tana nan ba.

Da Isuhu ya zo hutun Salla, ta shirya masa kamar mai jiran jarrabawa. Komai yana wurinsa. Ta zuba masa shayi da kanta, digo bai zuba ba. Ta yi magana da ni, tana nufin shi, kamar yadda suka saba: a tambayi mutumin Yamai yara, a tambaye shi hanya. Shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa. Duk ya tafi daidai har ya ajiye wayarsa baƙa a kan dardumar. Gwaggo ta tashi ɗauko goro, muka ji ƙaras ƙarƙashin diddigenta. Ta ce da ni, "Faɗa wa mutumin Yamai, wanda ya ajiye baƙi a kan baƙi shi ne makaho."

Isuhu ya yi dariya har da riƙe ciki. Da na raka shi zaure ya jingina da bango, ya tambaye ni tun yaushe idonta ya fara. Ban karya alkawari ba, shiru na yi, shirun ya ishe shi. Ya ce zai bar ta muddin ɗakin na riƙe ta. Ya koma bai ce mata komai ba, ita ma ta ci gaba da zaton ta ci jarrabawa.

Ɗakin ya riƙe ta har wata damina. Tana turara kayanta, garwashi ya faɗo daga kasko, bayansa baƙi, cikinsa wuta. Ba ta gan shi ba, ta taka. Ƙunar ta ƙi warkewa, likitan Gaya ya ce sai Yamai. Ba ta yi gardama ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro. Dardumar ta ce a bar ta a shimfiɗe da ramin ƙunarta, ba ta tafiya da wanda ya ci amanarta.

Abin da ba mu sani ba, tun bayan Sallar nan Isuhu ya sa an fasa karon ɗaki guda a gidansa an shimfiɗa baƙi. Ya sayi farar buta da fararen kwanuka, ya sa an shafe ƙafafun gado, har akushi ya nemo. Da aka shigar da ita ta tsaya a tsakiya, ta karkata kai, ta juya a hankali. Ta ce wa matarsa a gaya wa maigidan nan ya iya tsari, komai ya fito. Matar ta ce mini Isuhu fita ya yi waje.

Bayan kwana biyu ta sa aka kira ni a waya, ta jira har aka bar ta ita kaɗai. Ta ce farin ma ya tafi tun kafin ta bar Gaya, yanzu dare da rana duk ɗaya ne. Ta ce, "Kada ka faɗa masa. Yaron ya sha wahala." A iya sanina ba ta taɓa kiransa da abin da ya fi wannan kusa ba.

Kullum da safe, in Isuhu ya leƙo gaisuwa, sai ta yabi wani abu a ɗakin, yau buta, gobe labule. Haka ta yi har ta rasu, kafin a girbe gero. A Yamai aka binne ta.

Ranar sadakar bakwai Isuhu ya ce mini ya san ba ta ganin komai. Labulen da take yabo matarsa ta cire shi tun makon farko don wanki, kuma bai bari an mayar ba, don yana son ya ci gaba da jin tana yabonsa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Mairo, Ya yafe mata ita da mu da muka taya ta ɓoyo. Ya yalwata mata makwanci, Ya cika shi da haske, Ya ba Isuhu haƙuri.