Akwatin Yaya a Taswirar Na-Waya

A ma'aikatarmu babu mai kiransa da sunansa na yanka. Na-Waya ake ce masa, domin da jan waya ya fara aiki. In kwamfutar wani ofis ta ƙi magana da firinta, shi za ka tarar durƙushe a ƙarƙashin tebur yana cewa, "Ku ɗan janye ƙafa, yanzu zan fito." Shekaru muka yi teburina na kallon nasa, a ɗakin ƙarshen baranda mai fanka ɗaya da ke kuka kamar za ta faɗo mana a ka. Mutum ne mai sanyin hali. Ko faɗa ake yi masa, murmushi yake har mai faɗan ya ji kunya.

Wan matarsa ne ya kawo shi aikin. Yaya ake ce masa a gidansu, mu ma a ofis muka ɗauka. Shi ne shugaban sashen shigar da bayanai a hawan ƙasa, inda ake buga takardun jama'a cikin kwamfuta. Dogo ne mai murya, ya san sunan 'ya'yan duk wanda ke ƙarƙashinsa. Shi ya nema wa Na-Waya aiki lokacin da yake yawo da takardunsa ofis ofis, daga baya kuma ya tsaya masa har ya auri ƙanwarsa.

Da aka kawo mana sabon darakta, ya ce ma'aikatar ta zama kamar gidan da kowa ya yi ɗakinsa ba tare da ya dubi na maƙwabci ba. Akwai wani kwas da ake tura ma'aikatan gwamnati, inda ake koya musu zana tsarin ma'aikata gaba ɗaya: wane sashe ke yin me, wace manhaja ke riƙe da wane bayani, ta ina aiki ke shiga, ta ina yake fita. In an gama sai a yi jarrabawa a ba mutum satifiket. Na-Waya aka zaɓa, tunda babu lungun da bai shiga ba.

Matarsa da ta ji an ce zai zama mai zanen tsari, cewa ta yi, "Madalla. In ka dawo sai ka fara da katangar bayan gidan nan, ta daɗe tana neman mai ilimi."

Kwas ɗin bai zo masa da sauƙi ba. Abokan karatunsa yawanci matasa ne masu digiri biyu, Turanci kamar ruwa. Shi kuwa sai ya karanta shafi ya koma farko. Ya zauna jarrabawar, ya faɗi. Ranar da sakamako ya fito bai taɓa abincinsa ba, ya zauna yana kallon bango. Yaya ne ya hawo sama da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Me na ji? Wai ka ce ba za ka sake ba?"

"Yaya, kaina ba na wannan karatun ba ne."

"Kanka na mene ne, na ƙarƙashin tebur? Daga gobe in an tashi hutun rana ka sauko ofishina, ka rufe ƙofa ka yi karatu. Babu mai damunka."

Haka aka yi. A kujerar Yaya ya yi bitar, Yaya kuma yana zaune a benci a waje yana korar masu neman a gyara musu firinta. Zama na biyu ya ci. Yaya ne ya kai satifiket ɗin aka sa masa gilashi.

Sai aikin gaske ya zo. Darakta ya ce ya zana ma'aikatar duka. Na-Waya ya bi sashe sashe yana tambaya, ya dawo ya manna manyan takardu a bangon ɗakinmu. Kowane sashe akwati, kowane aiki kibiya. Da farko yana jin daɗin abin, har yana kirana in zo in ga yadda takarda guda ke zagaya gini kafin a sa mata hannu.

Wata rana da hantsi na ga ya tsaya gaban bangon ya daɗe bai motsa ba. Na tambaye shi lafiya. Ya ɗora yatsa a kan wani akwati.

"Duba nan. Yanzu jama'a da kansu suke cike bayanansu ta waya. Sai mu buga su a takarda, a sauke su ƙasa, sashen Yaya su sake shigar da su cikin tsohuwar manhaja. Don kawai manhajojin biyu ba sa magana da juna. In aka haɗa su, shi ke nan."

"Shi ke nan me?"

"Babu aikin da ya rage a ƙasa."

Na ce ya sake dubawa, ƙila akwai abin da ya tsallake. Ya sake, ya kuma sake. Ya so ƙwarai ya samu kuskure, bai samu ba.

Ya sauka ya gaya wa Yaya, yana ta kewaye-kewaye. Yaya bai ɗauki abin da zafi ba. "Daraktoci nawa suka zo suka tafi muna nan? Zana abin da ka gani. Kada ka yi mini ƙarya a takarda, ba don haka na zauna a benci ba."

Na-Waya ya yi abin da aka koya musu a kwas. Bayan taswirar, ya tsara kashi na biyu: a yi canjin sannu a hankali, a koya wa mutanen Yaya duba kurakurai da amsa koke-koken jama'a, kada a bar kowa ba aiki. A kan wannan kashin ya fi ɓata lokaci.

Ranar taro, shugabannin sassa suka cika ɗaki, Yaya yana layin gaba. Aka haska taswirar a allo. Na-Waya ya yi bayani, yana sauri ya kai kashi na biyu. Bai kai ba. Darakta ya ɗaga hannu.

"Dakata. Koma baya. Wancan akwatin da kibiya ke shiga ta fito yadda ta shiga, na waye?"

Yaya ne ya amsa. "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ranka ya daɗe, akwai tsarin da na yi wa mutanen," in ji Na-Waya. "Yana gaba kaɗan."

"Za mu duba shi daga baya. Aiki ya yi kyau."

Ba a taɓa dubawa ba. Aka haɗa manhajojin, aka rufe sashen. Mutanen Yaya aka watsa su rassa, wasu nesa da iyalansu. Shi kuma aka tura shi sito a bayan gari, inda ake tara karyayyun kujeru da tsofaffin fayil, ya jira ritaya. Jama'a dai sun huta da dogon layi a taga, wannan ba wanda ya musa.

Na-Waya aka ƙara masa girma, aka ba shi ofis shi kaɗai mai na'urar sanyi. A baranda mutane suka fara yin shiru in ya doso. Wani ya laƙaba masa Mai Almakashi. In ya shiga sashe yin tambaya, sai kowa ya ƙirƙiro wa kansa aiki uku. Ya daina zuwa kantin cin abinci, ya rame, likita ya ce jininsa ya hau.

A gida matarsa ba ta yi masa faɗa ba, shi ya ce da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sau ɗaya ta yi maganar, tana ninke kayan yara, ba ta ko dube shi ba.

"Baban yara, ba ka iya goge akwati ɗaya ba?"

"Ko na goge, aikin yana nan yadda yake. Wani zai gani."

"To da ka bar wanin ya gani."

Daga nan in za ta gidan Yaya ita da yara take tafiya.

Shi da Yaya sun daɗe ba su haɗu ba, sai da surukarsa, mahaifiyar Yaya, ta kwanta asibiti. Na-Waya ya kai abinci da rana, ya tarar da Yaya shi kaɗai a benci a bakin ɗakin. Ya russuna ya gaishe shi, Yaya ya amsa, ya matsa masa wuri. Suka yi maganar jikin tsohuwa, suka yi maganar magani, magana ta ƙare.

Can Yaya ya ce, "In tambaye ka. Da yau za a ce ka sake zanawa, daban za ka zana?"

Na-Waya ya ce, "A'a, Yaya. Haka zan zana."

Yaya ya gyaɗa kai. "Na sani. Ni ma na zauna na duba abin a raina, ban ga inda ka yi ƙarya ba. Amma ban huce ba tukuna, kada ka matsa mini."

"Ba zan matsa ba."

Nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya ya shigo. Yaya ya tashi ya shiga.

Watan jiya darakta ya sanar cewa wata ma'aikata ta roƙi a ara mata Na-Waya, ya je ya zana mata nata tsarin. Da na ji, na leƙa ofishinsa in yi masa murna. Na same shi ya kashe na'urar sanyi, ya buɗe taga, yana haɗiyar ƙwayar hawan jini da ruwan roba. Ya ce ya roƙi a tura wani, an ce babu mai satifiket sai shi. Ya tambaye ni ko na san wani a can. Na ce ɗiyar ƙanwata tana aiki a wajen, a sashen karɓar takardu.

"Kada ka gaya mini sunanta," ya ce.