Shafin da Na Yaga a Sharada

Da ƙarfe biyu da kwata na rana, wata Laraba, na yagi shafi ɗaya daga littafin awona na miƙa wa wani direba a Sharada. Daga nan komai ya lalace.

Kafin nan ɗaliba ce ni mai karatun gini, marar surutu, kullum kaina na cikin littafi. Makaranta ta tura ni koyon aiki wurin Malam Sabo, mai huda bangon kamfanoni don a saka manyan fankoki da bututu. Injinsa yana cin bango a zagaye, ana zuba masa ruwa, har guntun ya fito kamar turmi. Aikina in ƙwanƙwasa bango da ƙaramar guduma, in rubuta inda rodi ya bi, inda aka cika bulo da kankare, da inda babu komai a ciki.

Direban yakan tsaya kallonmu. "Injiniya, sannu da aiki," haka yake ce mini, ni kuwa ina jin daɗi. Ya kawo lemo, daga baya ya kawo waya. Da ya nemi awon bangon bayan wani siton yadi, ban tambaye shi dalili ba, don na sani.

Ranar Lahadi da hantsi shi da abokansa suka zo siton da rigunan aiki da injin haya. Masu wucewa suka ɗauka aiki ne. Suka jera ramuka a bangon, suna kauce wa rodi, har mutum ya iya shiga, suka kwashe yadi, suka bar takardar da na ba shi a ƙasa. A gindinta akwai kwanan wata da sa hannuna, yadda nake yi a kowane shafi.

Wata goma sha huɗu na yi a gidan yari. A can na tuba, na kuma daina ɗora wa direban laifina. 'Yan'uwana masu koyon aiki, duk abin da kuka gani a wurin aiki amana ce. Wanda bai ɗauke ku aiki ba, kada ku nuna masa.

Yau hankalina a kwance yake, ina cin halalina. Amma sai da na yi sawu huɗu a shagon Malam Sabo a Bompai.

"Malam, za ku sake ɗaukata?"

Sau uku yana amsa gaisuwa kawai, ya ci gaba da wanke injinsa. A na huɗu ya ɗago.

"Tun da kika tafi, sau biyu muna cin karo da rodi. Ɗauko gudumarki. Amma littafin a wurina zai riƙa zama."