Jikan Gyauro

In ka shiga Rurum Tsohon Gari ka tambayi gidan Saude makitsiya, za a ce maka, "Wacce? Mai aurar da tumatir?" Da gatse aka laƙa mata sunan, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, shekara ashirin da biyu ke nan tana yi mini kitso, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

'Yar Kahu ce, aure ya kawo ta Rurum. Da mijinta Malam Alu ya rasu, 'ya'ya kuma suka kama gabansu, an yi an yi da ita ta koma gida ta ƙi. Ta ce ɗakinta bai kore ta ba. Mace ce 'yar siririya, mai kaifin ido da kaifin baki, kuma in ta ce a'a, to gara ka je ka roƙi dutse.

Daga tukunyar miya abin ya faro. Kowa ya san manyan tumatirin nan na noman rani ba sa shiri da ruwan sama. Da damina ta zauna ganyensu ya ƙone, fure ya zube, ɗan abin da ya ɗaura ya tsage ya ruɓe. Sai mu koma wa kauɗar busasshen tumatir da na leda, miya ta yi ta fitowa baƙa. Amma a kan jujin bayan gidan Saude akwai wani gyauro, wato tumatirin da ke fitowa da kansa ba wanda ya shuka shi. 'Ya'yansa ba su fi kan yatsa ba, ga tsami, ga ruwa, ba tsoka ko kaɗan. Sai dai ko kwana bakwai aka yi ana tsuga ruwa, ko a jikinsa.

Wata shekara malamar gona ta zo Rano ta tara mata, muka je tare. Ana maganar taki da feshi Saude ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shin ba a iya haɗa wannan mai taurin ran da wancan mai tsokar su haifi ɗa ɗaya?" Mata suka kwashe da dariya, har da ni. Malamar ba ta yi dariya ba. Bayan an tashi ta ja Saude gefe, ta tsinko furen tumatir ta nuna mata yadda ake yi. Sannan ta gargaɗe ta, kuma ina tsaye na ji.

"'Ya'yan fari duk za su yi kyau, kada su ruɗe ki. Jikoki ne ke tona asirin dangi. Wani zai ɗauko kakansa gyauro, wani ya ɗauko raunin ɗayan. Wanda ya haɗa tsoka da juriya yana ciki, amma ɗaya ne cikin ɗaruruwa. In kin same shi, ki yi ta shukawa kina zaɓe shekara biyar ko shida, har irin ya zauna. Kafin nan kada ki ba kowa."

Hannun da ya saba tsaga gashin jarirai ba furen tumatir zai gagare shi ba. Da sassafe Saude kan durƙusa gaban babban tumatirin da ta shuka a roba, riƙe da kibiyar kitsonta, ta buɗe furen da bai kai ga buɗewa ba, ta cire masa 'yan rawayen nan na ciki, ta bar tsinken tsakiya shi kaɗai. Washegari ta karkaɗe garin furen gyauro a kan farcenta, ta goga wa tsinken, ta ɗaure reshen da jan zare don ta gane shi. Ni kan leƙo ta katanga in ce, "Amarya ta tare?" Ita kuma ta ce, "Saura ke, in kin ƙara magana."

Daminar farko 'ya'yan fari suka fito kamar yadda aka faɗa. Jajaye, masu nauyi a hannu, a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ko a kasuwar Rano sai ka yi yawo kafin ka ga ɗanyen tumatir mai kyau. A cikin kwanakin ne yayanta Munzali ya zo daga Kahu gaishe ta. Shi ne babba a gidansu, manomi ne na gaske, ba na rage masa wannan. Ya tsaya gaban robobin da ta shuka su ya kasa zama.

"Saude, ki ɗebar mini irin wannan."

"Yaya, ba zan ba ka ba. Bai zauna ba."

"Bai zauna ba kamar yaya? Ga shi ina gani da idona."

"Waɗannan 'ya'ya ne. In ka shuka ƙwayarsu jikoki za su fito, kowa da kamarsa. Gonarka za ta lalace."

"Tun kafin a yaye ki nake noma," in ji shi. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ki dai ce rowa za ki yi mini."

Wanda ba ɗan ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A wurinmu ba a hana iri. Ka iya hana mutum aron garma, ka iya hana shi jaki, amma in ya ce ka sam masa iri, ko maƙiyinka ne sai ka ƙulla masa a tsumma. Ballantana yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Munzali ya tafi ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba, kuma kafin mako ya zagayo, daga Kahu har Rurum an san Saude ta hana ɗan'uwanta iri. Wasu mata suka ɗauke kawunansu suka kai wa wata makitsiyar. Ni kaina na ce mata ta ba shi ko ƙwaya goma a huta. Ta ce in ta ba shi ta cuce shi, gara ya zage ta da gonarsa lafiya.

Shekara uku ta yi tana neman jikan nan. Tsakar gidanta ba ta ɗaukar fiye da tsofaffin robobi da bokitai talatin, saboda haka talatin take shukawa duk damina. Kuma duk damina talatin ɗin su ba ta kunya. Mai tsoka ya mutu da ruwan Agusta, mai rai ya haifi 'yan mitsi-mitsi masu tsami. Ta tuge su, ta sake ɗaura auren, ta sake jira. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba, amma na sha ganin ta zaune gaban robobin ta yi tagumi.

A shekara ta ukun Lubabatu matar Munzali ta zo biki Rurum, ta biyo ta gidan Saude. Saude ta ji daɗi ƙwarai, ta ɗauka sulhu ne ya fara leƙowa. Ta yi mata kitso kyauta, ta cika mata leda da 'ya'yan farin nan ta ce a yi wa Yaya miya. Ashe ba tukunya suka nufa ba. Munzali ya matse su, ya shanya ƙwayar, da damina ta kama ya hana rabin gonarsa masara ya dasa tumatir fiye da dubu.

Abin da aka faɗa masa shi ya faru. A ƙarshen Agusta ya aiko a ce wa Saude ta zo ta ga aikinta. Na ce kada ta je. Ta ce ita ba ta yi abin ɓuya ba, ta ɗauki mayafi. Da na ga haka na ɗauki nawa, muka tari 'yan acaɓa.

Mun tarar da shi a bakin gona da maƙwabtansa manoma kusan goma, an taru kamar wurin shari'a. Gonar kuwa abin tausayi. Wasu sun bushe a tsaye, wasu sun yi dogon reshe sun cika da 'yan ƙanana, ruɓaɓɓu ko'ina a ƙasa. Na ji tausayinsa, don hatsin gidansa na rabin shekara ne ya tafi. Amma haushinsa ya fi yawa a raina, saboda ya riga ya gaya wa duk Kahu cewa ƙanwarsa ta aiko masa da mugun iri da gangan.

Yana ta faɗa, Saude ta juya wajen gonar. Ta tattare zaninta ta shiga cikin kunyoyin, tana tafiya a hankali tana duba kowace shuka. Na bi ta. Can wajen ƙarshen gona, inda ruwa ke kwanciya, ta tsaya cak.

Shuka ɗaya ce tsaye a tsakiyar matattu, ganyenta kore shar, ko ɗigon ƙuna babu. Tana ɗauke da 'ya'ya manya, uku sun nuna, ba wanda ya tsage. Saude ta durƙusa a cikin taɓo, ta shafa ganyen, ta tallabi ɗaya a tafin hannunta ba ta tsinka ba.

"Zulaiha," ta ce da ni a hankali, "ga shi. Shi ne."

Ta miƙe ta koma wurin mutane, ta russuna a gaban yayanta.

"Yaya, na zo roƙon iri. Akwai guda ɗaya a ƙarshen gonarka. Ɗa ɗaya nake so daga jikinsa."

Wani tsoho ya soma murmushi. Munzali ya dube ta, ya dubi mutanen.

"Yau ke ce da roƙon iri? To, ni ba marowaci ba ne, zan ba ki. Amma sai kin faɗa a gaban mutanen nan cewa kin san abin da kika ba Lubabatu, da gangan kika yi don ki kunyata ni. Ki faɗa, ki je ki tuge shi har saiwa. In ba haka ba gobe garma za ta shiga, wake zan zuba."

Na matsa kusa da ita na ce, "Ke, faɗi mana! Magana ce kawai, iska za ta kwashe. Shekara huɗu fa!"

Ba ta ko dube ni ba.

"Yaya, tumatirin miya na ba Lubabatu, kuma ta sani. Na gaya maka bai zauna ba, a tsakar gidana, da bakina. Asarar da ka yi ta dame ni, Allah ya mayar maka da alheri. Amma in na ce na taɓa ba wani mugun iri da gangan, ranar da nawa ya zauna wa zai karɓa daga hannuna? Ba zan faɗa ba."

"To ba ki so ke nan."

"Ina so. Ban taɓa son wani abu kamarsa ba. Ba zan faɗa ba."

Tsohon nan ya sa baki, wasu ma suka sa, Munzali ya juya musu baya. Saude ta yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har shi. A hanya na ce ta jira ni in zagaya ta bayan gona in tsinko ɗaya, ba wanda zai gani. Ta riƙe mini mayafi ta ce ita ba za ta kafa iri a kan sata ba. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in mare ta. Munzali kuwa ya cika maganarsa, washegari shanu suka kife gonar.

Da muka iso gida ran nan ban wuce nawa ba, na bi ta. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, taɓo har gwiwa, ta kai hannun dama hancinta. Ƙamshin ganyen nan ne bai bar yatsunta ba. Aka kira la'asar, na ɗauko mata buta na ajiye a gabanta. Ta dubi butar, ta dubi hannun, ta ce in ba ta minti biyu. A nan ne ta yi kuka, kuma tun rasuwar Malam Alu ban ga hawayenta ba. Ni ma na taya ta, ina yi ina jin haushinta.

Sannan ta jawo butar ta wanke hannun sau uku.

Na koma gida na yi tawa sallar. Ina shafa addu'a na ji muryarta ta kan katanga, garau, kamar ba ita ba.

"Zulaiha! Robar wankinki da ta tsage, kada ki yar. Kuma ki gaya wa matan layin nan, duk mai son kitso bana, ta ba ni aron gefen tsakar gidanta."