Kwat Ɗin Da Ya Kwana a Shagon Tela

A shekarar 1978 na fara sanin Tela, watan da aka ba ni aji na farko. Na kai masa kwat ɗin da shugaban makarantarmu ta mishan ya ba ni ranar da na gama karatu. Ya yi mini yawa, ina so a rage. Ya auna ni, ya zana da alli, ya ce, "Ticha, gobe." Wannan goben ta shekara arba'in da ɗaya ba ta iso ba.

A lokacin siriri ne kamar allurarsa. Zaman keke ne ya tara masa jiki, har kujerar shagon ta koma benci, ciwon suga ya shigo, gwiwoyi suka ƙi taka keken. Da ya haura hamsin aka yi masa tiyata, aka ɗaura masa wani zobe a bakin tumbi don ya rage ci. Ya faɗa sosai. Da hannunsa ya rage rigunansa, yana yi yana waƙa.

Shekara tara zoben yana aiki, sannan ya goce. Tela ya ci loma uku, biyu su dawo. Ruwa ma sai da dabara. Ya ajiye wani kwano a ƙarƙashin teburin yanka, da tsumma a kai, don kada masu kawo ɗinki su gani.

Ni na raka shi asibiti, da ni da matarsa. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta zana tumbi a takarda. Ta ce dole a cire zoben, kuma in an cire aka bar tumbin haka ƙiba da sugan za su dawo. Shawararta a yanke gefen tumbin, a mayar da shi siriri kamar hannun riga, a ɗinke.

Tela ya daɗe yana kallon zanen. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"'Yata, inda zoben ya zauna, naman ya ci?"

"Akwai tabo, Baba."

"To, ba za a yi ba." Ya ɗora yatsa a kan zanen. "Ni na san yadi. In aka warware ɗinki aka sake bin tsohon ramin allura, ranar da aka ja, nan yake yagewa. In riga ce, a sayi wata. Wannan fa?"

"Ba a kan tabon zan bi ba. Zan matsa ciki, inda naman yake da lafiya. Ban ce babu haɗari ba, amma barin zoben ya fi haɗari."

Ya ture takardar sa hannun, ya tashi.

Mako uku ya yi yana gudun takardar nan. Ya kira masu kaya ɗaya bayan ɗaya, ya mayar musu da yadinsu ba ɗinki. Ya shafa wa keke mai, ya lulluɓe. In ya ji kukan motar asibiti a titi, sai almakashi ya faɗi daga hannunsa. Wuyansa ya zama kamar na kaza.

"Maigida, kai da ka yanka yadin mutane shekara hamsin ba ka tambaye su ba," in ji matarsa, tana dariya, idonta cike da hawaye, "yau an zo kanka ka ce a'a?"

"Wane yadi kika taɓa gani yana zubar da jini?"

Na ce masa tsoro ba ya hana ajali. Ya ce, "Ticha, ajiye wannan ka ba 'yan aji."

Ran wata Talata ya rufe kansa a shago tun safe. Maƙwabta suka ji keke yana kuka, ya tsaya, ya sake. Da la'asar ya fito ya ce wa matarsa ta nemo takardar. Bai faɗa wa kowa dalili ba.

Ranar aikin, da za a tura gadonsa, ya kama hannuna ya matse har zobena ya shige mini nama. Hannun sanyi ƙalau. Awa huɗu da minti goma muka yi a kan bencin ƙarfe, ina duban agogo, matarsa na murza bakin mayafinta. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe tsaye. Daga ƙarshe likitar ta fito, ta sauke takunkumin fuskarta, ta ce ɗinki ya zauna, sai a sa ido kwana biyu. Kwana biyun suka wuce lafiya. A rana ta uku ya sha ruwa cokali huɗu, ruwan bai dawo ba.

Da na koma gida na tarar da kwat ɗina a rataye bayan ƙofa, a goge. Matarsa ce ta kawo wa iyalina tun kafin su tafi asibiti, ta ce kada a gaya mini. Na juya cikinsa. Ga layin tsoffin ramukan allura nan a jere, ga sabon ɗinki ya matsa ciki da faɗin yatsa ɗaya. A gefen hagu yadin ya ɗan miƙe, inda mutum ya sa hannu biyu ya ja iya ƙarfinsa. Zare ko ɗaya bai tsinke ba.

Na saka. Ya zauna mini cif.